Harafin da Ya Faɗi

A Porto, a lungun da ke gangarawa bakin kogi,
ina da shago mai ƙofa ɗaya, kyanwa ɗaya,
da littattafan da suka girme ni.
Ran Talata, ruwa na zuba daga indararo,
sai ga Telmo Varandas jiƙe sharkaf,
ya rungumo wani abu cikin jaridar jiya.

"Dona Gracinda, a akwatin kakata na tsince shi.
Nawa zai yi?"

Ban tanka ba.
Na goge hannu, na jawo fitila kusa.

Gajerun labarai goma sha ɗaya,
wani mutumin Hungary ya rubuta da harshensa,
aka juyo su cikin namu.
Bangon kore ne, koren ganyen zaitun,
ba shuɗin nan na bugu na biyu ba.
Rigar takardar ta ci a gefe,
amma almakashi bai taɓa kusurwar farashi ba.
Na juya can ƙarshe:
sunan maɗaba'a, wata, shekara,
daga nan shiru, ba a ƙara komai ba.
Na kai hanci.
Takarda mai araha ce, ta yi ja kamar ɓawon burodi,
tana warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Duk wannan bai ishe ni ba.
Na sha ganin littafi da rigar aro,
na taɓa sayen ɗaya, har yau ina jin zafin kuɗin.
Shaidar da nake nema ba ta ado ba ce,
ta kuskure ce.

Shafi na casa'in da uku, layi na shida daga ƙasa.
A harshenmu, kalmar gida,
in harafinta na fari ya faɗi,
fiffike take zama.
Mai jera haruffa ya yi gyangyaɗi a wani dare,
sai sojan cikin labarin, maimakon ya koma gida,
ya koma fiffike.
Kwafi ɗari huɗu suka fita kafin a farga.
Abin da aka zagi mutum a kansa a wancan mako
shi masu kuɗi ke farauta yau.

Ga shi nan. Zuciyata ta buga.
Amma a gefensa, da fensir,
wani siririn hannu ya mayar da harafin mazauninsa,
ya ja layi biyu a ƙarƙashi,
irin na wanda abin ya yi wa ciwo.

Na koma shafin farko.
Sunan marubuci da manyan baƙaƙe,
mai fassara kuwa haruffa biyu kacal: O. V.

"Yaya sunan kakar taka?"
"Ondina."
"Me take yi?"
"Ɗinki. Sai dai tana da wani ƙamus
da ba ta bari kowa ya taɓa."

Na faɗa masa farashin, ban rage ko sisi ba,
kuɗin hayar ɗakinsa na wata biyar.
Na ce fensirin zai rage masa daraja kaɗan,
in yana so, ana iya gogewa.

Ya dubi harafin nan ya daɗe.
Sannan ya nemi busasshiyar jarida,
ya naɗe shi, ya cusa cikin riga,
ya fita ruwa bai ɗauke ba.