Tiya Ɗaya a Kasuwar Dole

Damina ashirin da shida na riƙe wa Ligari littafi.
Shi yana duƙe a tsakanin kunya,
ni ina rubuta abin da ya ce:
layi na tara ya kwanta,
na goma murzuna ta ci,
na sha ɗaya, bari mu gani.

Mutanen Mirriya sun yi mana dariya,
wai ga mai digiri yana sa wa gero hula.
Gaskiyarsu. Jakar takarda muke ɗaura wa kowace zangarniya
kafin ta yi bunni,
don kada iska ta ɗaura auren da bai shirya ba.
Da hantsi yakan kaɗe garin wannan a kan waccan,
a hankali, kamar mai sa wa jariri kwalli.

Ankutas ya ɗauko daga Tanut, gajere, mai jure ƙishi.
Zango kuma daga Magariya, dogo, mai son ruwa.
Ya ce so nake su haifi ɗa
wanda zai nuna kafin hadari ya yi mana sallama.

Shekara ta bakwai, fari ya cinye komai.
Ta tara, awakin wani suka shigo da dare.
Bai yi zagi ba. Ya zauna kan dutse,
ya cire takalmi, ya zazzage yashi,
ya ce mini: buɗe sabon shafi.

A ta sha uku aka samu.
Kwana saba'in, ga dami.
Muka kai Durum da murna.
Inna Tamu ta surfa, ta daka, ta dama,
ta kurɓa sau ɗaya, ta ajiye ludayi.
Ta ce: wannan furar ba ta kwana,
kuma karan ko dangar kaji ba zai yi ba.
A mota bai ce uffan ba har muka hango duwatsun Birni.
Can ya ce: ta fi ni gaskiya.
Shekara shida ya ƙara saboda ludayi ɗaya.

A ofis an sa wa irin haruffa uku da lamba.
Ba wanda ya riƙe su, har ni.

Yanzu ya yi ritaya, idon hagu ya yi hazo.
Ran Alhamis na raka shi Kasuwar Dole.
Ya tsoma hannu a wani buhu,
ya murza ƙwayar, ya kai ta kusa da idon dama.
Na ga yatsunsa suna rawa.

Mai buhun ya ce: Baba, wannan Gaggauta ne,
irin gidanmu ne tun kakanni,
ba irin na ma'aikata ba.

Na buɗe baki. Ya taka mini ƙafa.

Ya ce a auna masa tiya ɗaya.
Mutumin da ke ciniki a kan allura,
ranar ko ragi bai nema ba.