Allon da Ba A Wankewa

Shekara talatin ina taka keke a Kasuwar Barci,
ƙafata ta san feda fiye da hanyar gida.
Zanen aikina yana cikin wani tsohon kundi
da ruwan Agusta ya jiƙa bara,
aska takwas ta narke, ta koma tabo.
Hindatu ta ce, Baba, ka sayi tabilet.
Na ce lafiyata ƙalau, ba na shan magani.
Ta yi dariya har almakashi ya faɗi.

Ran Laraba na fito daga Tudun Wada,
kuɗin ɗinkin Sallah biyu a aljihun ciki,
na kame bakinsa da fil.
Bayan Titin Ahmadu Bello, a hawa na biyu,
wani yaro, Ishaya, ya jera mini guda uku
kamar farantan da ke jiran tuwo.

Na nuna babban.
Ya ce, Baba, ganga ma babba ce, cikinta iska.
Lamba biyu ake tambaya, duka giga ne sunansu.
Ta farko teburin yankanka ce,
in ya ƙuntata, yadi biyu ba sa shimfiɗuwa tare;
huɗu ka nema, ƙasa da haka jira za ka saya.
Ta biyu kabad ce, inda hoto ke kwana,
sittin da huɗu, da ƙofar ƙara kati in ta cika.
Na ce ashe kai ma tela ne.
Ya ce uwata ce, a Kakuri.

Shagonka akwai wayifai?
Na ce akwai fanka, ita ma sai an kawo wuta.
To, mai cin sim za ka ɗauka,
kada ka kai shi gida ya zama kurma.

Batir ni na tambaya da kaina.
Wanda ya yi guga da gawayi daren Sallah
ba a koya masa wannan tambaya.
Ya ce daga hantsi zuwa isha,
in ba ka bar jikoki da shi ba.

Akwai wani na hannu, rabin kuɗi,
raina ya biya, ba zan ɓoye ba.
Ishaya ya kunna, ga sunan wani a ciki
yana neman kalmar sirri.
Gida ne mai kyau, in ji shi,
amma mai shi ya tafi da makulli.

Daga nan na yi abin da na iya.
Ba a sayen yadi a inuwa.
Na kai shi bakin ƙofa, cikin rana tsaka,
na ce buɗe mini shuɗi.
Na farko ya kawo ruwan toka.
Na biyu ya kawo shuɗi na gaskiya,
irin wanda ke barin baba a wuyan mai riga.

Na taya, ya ce albarka. Na miƙe, ya ce zauna.
Rasit, takardar garanti, caja, riga mai murfi.
Na danna shi da ƙarfin mai tura allura,
ya ƙi ni.
Shafa shi, Baba, kamar kana duba shadda.
Sai ya buɗe.

Allon da na riƙe ina yaro
wanke shi ake kafin a sake biya.
Wannan ba ya son ko ɗigon ruwa,
kuma bai manta ba.

Hoton farko da na ɗauka, hancina ne.
Na biyu babban yatsa.
Na uku wuyan rigar Malam Barau,
zare bisa zare, har da inda na yi kuskure.
Hindatu ta ce a goge hancin.
Na ce bar shi tukuna.
Kundin ma yana nan ƙarƙashin keke,
ya bushe, yana warin damina.