Nishin Mota

Tun ranar Lahadi motata ke nishi.
Ba tari ba ne, ba kuka ba,
wani gurnani ne ƙasa-ƙasa daga ƙafar gaba ta hagu,
in na sha kwanar Ƙofar Ƙaura sai ya ƙaru.
Shekara talatin na yi ina ungozoma.
Na san nishin da ke jiran safiya,
na san wanda ba ya jira.

Na kai ta kamfani, can hanyar Kano,
inda daɓe ke sheƙi kamar an lashe,
sanyin ɗakin ya shige mini gwiwa.
Wani yaro, Nazifi, farar riga ko ɗigon mai babu,
ya ce, "Hajiya, shayi ko ruwa?"
Ya jona mata waya, ya zuba wa allo ido,
bai ko durƙusa ya gaishe ta ba.
Takarda ta fito da ɗuminta:
boris, shokazoba biyu, kuɗin aiki, kuɗin dubawa,
haraji daga ƙarshe kamar jela.
Dubu ɗari huɗu da tamanin.
Na bi sifilin da yatsa, na sake bi.
Fanshona na wata biyar ke nan, in an biya.
"Da garanti, Hajiya, shekara guda."
Na ajiye shayin ban shanye ba
kada shi ma ya hau takarda.

Garejin Sallau na bayan Ƙofar Guga, gindin bedi.
Ƙasar wurin ta sha baƙin mai har ta ƙoshi,
wurin zaman baƙi kujerar wata matacciyar bas.
Bai tambaye ni komai ba.
Ya ɗaga ta a jak, ya murza taya da hannu,
ya kafa sukundireba a ƙarfe,
ya ɗora kunne a ƙota, ya lumshe ido.
Gabana ya faɗi.
Haka nake yi da mazurari a kan cikin mace
kafin a kawo mana na'urar hoto.

"Boris ne, guda ɗaya. Shoka na da sauran kwana.
Ɗan Baljiyam sha biyu, sabo ashirin da biyar,
ladan hannu abin da ya sawwaƙa."
Na ce, garanti fa?
Ya nuna bedin da sifana:
"Shekara ashirin ba mu gusa ba, ni da ita."

Ya ce gobe.
Gobe ta haifi jibi, jibi ta haifi Juma'a.
Kwana biyar ina hawa Napep,
wannan ba wanda ya rubuta shi a takarda.
Haka rabin tankin da yaransa suka sha
da sunan gwaji.

Ni ba na zagin na'ura.
Akwai daren da kunnena ya ce lafiya lau,
hoto ya nuna mabiyiya ta tare ƙofa.
Yarinyar nan yanzu tana aji uku.
In na gan ta da jakar makaranta
nakan taɓa kunnena, in yi shiru.

Ranar da na je ɗauka,
ga wata jar Golf ana turowa cikin gareji,
mai turin ya naɗe hannun farar riga.
Nazifi.
Ya gan ni, ya sosa ƙeya.
"Hajiya, albashina ba ya iya shiga inda nake aiki."
Sallau bai ɗago ba, ya ce, "Yaro, ba shi benci."

Wata biyu ke nan, gurnanin bai dawo ba.
Amma jiya, hanyar Daura, mun ɗan wuce Mashi,
na faɗa wani rami, sai na ji ƙwas, ƙwas, daga dama.
Takardar kamfani na nan a aljihun mota,
ninki huɗu, ban yaga ta ba.
Na kashe rediyo,
na ce wa jikata ta yi shiru,
na rage gudu, na kasa kunne.