Fijon Baba Ta Sauya Murya

Fijon da Baba ya bari fara ce,
504, haɗin Kaduna,
ta girme ni da damina biyu.
Kujerar direba har yau da ramin zamansa,
sitiyari ya sha gumin tafinsa har yana sheƙi.

Ranar da na hau gadar Ƙofar Nassarawa
ta tsaya a tsakiyar hawa tana haki,
'yan adaidaita suna ta hon a bayana,
wani ya leƙo ya ce,
"Alhaji, Gidan Makama ya kamace ta!"
Na haɗiye maganar da yawu,
na gangara da ita sai Kwakwaci.

Tanimu ya ɗaga bonet ya kasa kunne
kamar likita a ƙirjin tsoho.
Ya ce ringi ya cinye, fistin na rawa,
kafireta kuwa sai dai addu'a.
"In lallaɓawa kake so, zan lallaɓa.
In gudu kake so, sai a zare wannan
a sa mata mai fulogi shida."

Kwana uku muna zaga Ƙofar Ruwa
cikin baƙin mai da ƙarar guduma.
Okechukwu ya yaye leda a kan wani inji,
ya rantse da Hausar da ta fi tawa kauri
cewa bai taɓa shan ruwan Najeriya ba.
Muka yi ciniki har la'asar ta yi sanyi.
Kuɗin filina na Rijiyar Zaki
ya koma ƙarfe a bayan akori-kura.

Da sarƙa suka ɗago tsohon.
Ya fito yana lilo, mai na ɗiga daga gindinsa
ɗis, ɗis, a kan ƙasa.
Shi ya kai Inna asibiti daren haihuwata.
Shi ya bi makarar Baba a giya ɗaya.
Na juya baya ina duba waya
ba tare da kowa ya kira ni ba.

Sabon bai shiga da sallama ba.
Sai da aka yanka, aka yi walda,
aka sauya lagireto, aka sauya giyabos.
Na ce to an gama? Tanimu ya ce saura birki:
"Wanda ya ƙara wa doki hatsi
ya fara duba linzami."

Daren Laraba na hau titin Zariya.
Na taɓa totur kaɗan, kujera ta rungume ni.
Na'ibawa ta wuce kamar ƙiftawar ido,
allurar da ban taɓa ganin ta haye tamanin ba
ta miƙe tana neman ƙarshen agogo.
Na yi dariya ni kaɗai,
na ce ina mai adaidaitan nan yake?

Na iso Gwammaja, na tsaya a ƙofar gida.
Shekara arba'in Inna na gane motar nan
tun daga kwanar masallaci,
tarin nan biyu da take yi kafin ta mutu,
ta ce a ɗumama tuwo, mai gida ya dawo.
Ko bayan rasuwarsa ba ta daina ba.

Yau na shiga na tarar da ita a kan darduma,
murhu ba wuta.
Ta ɗago ta ce, "Kai ne?
Na ji motar baƙi ta tsaya a waje."

Da safe 'yan gwangwan suka je gareji da sikeli,
sun yi wa tsohon inji kuɗi a kan kilo.
Na ce Tanimu ya sallame su.
Yana nan a zaure, na rufe shi da buhu,
kaji suna kwana a gefensa.
Ita kuwa Fijo tana hawa kowace gada yanzu,
sai dai in na kusa gida
nakan danna hon sau biyu.