Kunnen Bappayo

Motar babanmu ce, tsohuwar Fijo,
na gāje ta da tarinta na safiya.
A Tashar Dukku aka ce injin ya mutu:
"Sayar mana, Malama, ki huta."
A Pantami aka canza famfon mai,
na biya, har da godiya.
Kafin Kumo ta sake yin gum,
ga buhun gero, ga rana a ka.

Wani mai shayi ya ce, "Je ki Bolari,
gindin darbejiya, ki nemi Bappayo."

Ba allo, ba daɗin baki.
Ya ce in tayar.
Ya kafa sukuddireba a jikin injin,
ya ɗora kunne a kan ƙotar
kamar ungozoma mai sauraron ciki.
Can ya ɗago: "Lafiyarta lau.
Waya ce ta kwance."
Ya ɗaure. Ɗari biyar.

Na miƙa dubu, ya ƙirgo canji,
ya haɗo da carbin Baba
da ya tsinta ƙarƙashin kujera.

Yanzu ko taya ce ta sace,
sai na tsallake gareji bakwai
in je inda kunne yake.