Daren da Muka Raba Rumbu

Shekara tara tana ƙarƙashin teburin Uwaisu,
a shagonsa na gyaran waya a Mai Wurno,
tsohuwar kwamfuta mai tari in an kunna ta,
an ɗora ta kan bulo biyu saboda damina.
Duk abin da muka rubuta yana cikinta:
manhajar da ke gaya wa manoman bakin Nilu
ranar da famfo zai juyo gonar wane,
da galan nawa na dizal kowa ya biya.
Kyauta muka yi ta. Mai so ya karanta,
mai iyawa ya sa hannu.

Amma in an ɗauke wuta daga Sinnar
har da mu ake ɗaukewa.
Tasalla a Kassala ta naɗe hannu,
Siddiƙu a Jidda ya yi ta sallama
ba mai amsawa.
Mabuɗi kuwa ɗaya ne, yana aljihun Uwaisu.
Ka kawo gyara, ka jira ya gama shan shayi.
Rijiya ta bayar, muna ta lallashin guga.

Bara kogi ya hau har bakin kasuwa.
Da idona na ga ruwa ya lashi bulon farko
ya koma.
Ba wanda ya yi wa'azi a kai.
Tasalla ce kawai ta rubuto layi ɗaya:
kakata ba ta taɓa ajiye irin dawa a gida ɗaya ba.

Ran Alhamis bayan isha muka fara ƙaura.
Ajiya dubu huɗu da ɗari biyu da shida,
kowace da ranarta, da dalilinta,
har da wadda na rubuta wa "gyara kawai"
don kunyar kuskuren da na tafka.
Sabon tsarin ya ce ba ya karɓar laƙabi,
a ba shi cikakken sunan kowa.
Muka jera su a takarda, ɗaya bayan ɗaya,
sai muka tsaya a kan haruffa biyu da lamba.
Gyara tamanin da uku. Ba wanda ya san mai su.

Uwaisu ya daɗe yana juya cokali a kofi.
Ya ce, Barmani ce.
Malamar lissafi daga Gadarif.
Ita ta hana watan Ramadan rikita mana jeren ban ruwa.
Ta rasu kafin ku zo.
Na buga sunanta a hankali, harafi harafi.
Gurbin adireshi na bar shi fari.

Kafin kiran assalatu aiki ya ƙare.
Tarihin duka, tun daga layin farko,
ya sauka a Kassala, ya sauka a Jidda,
ya shiga 'yar kwamfutata mai fasasshen allo.
Mu goma sha ɗaya, kowa da rumbu cikakke,
kowa na iya tsirar da reshe ba da izini ba.
Uwaisu ya dube ni ya ce,
to ni yanzu mene ne?
Ban sami amsa ba. Na ƙara masa sukari.

Kwana uku, ni da Tasalla muka taɓa layi ɗaya.
Ta ce mako daga Asabar yake farawa,
na ce daga Lahadi.
Na'ura ta ajiye maganar kowa kusa da ta ɗan'uwansa,
ta zare hannunta.
Wa muka kira?
Ya zo da tabarau a goshi yana gunaguni,
ya karanta, ya ba ta gaskiya.

Tsohuwar dai mun kashe ta.
Kyanwar shagon har yau tana zuwa,
ta kwanta a kanta,
ta ji sanyi, ta tashi.