Jinin Gwaggo Tasalla

Da asuba yatsun Gwaggo Tasalla ba sa buɗuwa.
Sai an ɗumama ruwa a buta,
ta tsoma su, ta jira,
kafin su yarda su riƙe carbi.
Shekara talatin tana ɗinkin hula a Rafindadi,
yau allura ta fi ƙarfinta.

Ni na ɗebi jininta ranar Talata,
na rubuta sunanta jikin kwalba kamar baƙuwa.
Da takarda ta fito, na hau babur na kai mata gida.
Ba sammu ba ne, Gwaggo, ba kuma sanyin rijiya ba.
Masu gadin jikinki ne.

Ta ce, "Mi na yi musu?"

Na zauna bakin tabarma.
Na ce, a bayan ƙashin ƙirji akwai wata makaranta,
tun kina zanin goyo take ci.
Can ake tara fararen ƙwayoyin jini
a nuna musu 'yan gida ɗaya bayan ɗaya:
ga hanta, ga fata, ga ruwan gwiwa.
Wanda ya ga ɗan gida ya kai hannu kube
ba ya fita zauren da rai.
Sauran a sallame su, su bi jijiya suna sintiri.

Ko a waje ba su da izinin sara
don sun ga baƙuwar fuska kawai.
Sai shaida ta biyu ta zo,
sai an ji ihu daga inda ƙaya ta shiga.
Shi ya sa tuwo ke wucewa lafiya.
Shi ya sa kika ɗauki Sagiru wata tara,
rabinsa jinin wani gida,
babu wanda ya tare masa hanya.
Akwai ma dattawa a cikinsu
da ba su da aiki sai cewa: ya isa, a mayar da wuƙa.

"To nawa dattawan barci suka yi?"

Wataƙila. Ko wani ya tsallake katangar makarantar.
Ko wani ɓarawo ya taɓa shigowa
da riga irin ta gaɓoɓinki,
tun ranar suke dukan mai rigar.
Gaskiya, Gwaggo, ba mu gama sani ba.

Ta janye mayafi, ta nuna mini lamba a damtse,
tabon da aka yi mata tana 'yar shekara shida,
a layi, gindin wata bedi a Ƙofar Sauri.
"Wannan fa? Sun manta?"

Ba su manta ba.
Ƙyandar da kika yi sau ɗaya ma tana rubuce,
ko yau ta leƙo, kafin ta cire takalmi an gane ta.
Riƙon da ya tsare ki shekara sittin
shi ne ya hana su sakin yatsunki.

Ta yi shiru. Akuya ta ja igiya a tsakar gida.

Na ba ta ƙwayoyin, na ce sau ɗaya a mako,
za su sa masu gadin gyangyaɗi kaɗan,
sai ki kiyayi mai tari, ki bar zuwa dubiya barkatai.

Ta juya kwalin a tafin hannunta da ya karkace.
"Kada dai a kashe su," in ji ta.
"Yaran gida ne. Fuska ce ta ɓace musu."

Sannan ta ce in zura mata zare a allura,
kore, ba shuɗi ba,
in ajiye kan taga,
ko da hantsi zai zo da sauƙi.